Majalisa a Bakin Daga: Yadda Ƴan Aware Ke Yin Doka Ana Tsaka da Yaƙi

A tsakiyar watan Yulin 1968, damina ta kankama, manyan baƙi suka cika Yamai. Lokacin garin bai tsallaka kogi ba, don gadar Kennedy ma sai bayan shekara biyu aka buɗe ta. Shugaba Diori Hamani ne mai masauki. Baƙinsa kuwa kwamitin ƙasashe shida ne da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗora wa aikin kashe wutar yaƙin basasar Najeriya: Habasha, Ghana, Laberiya, Kamaru, Kwango-Kinshasa da Nijar ɗin kanta.

Yakubu Gowon, shugaban mulkin sojan Najeriya, ya zo ya faɗi nasa. Bayan ƴan kwanaki, ran 19 ga wata, sai ga Odumegwu Ojukwu, jagoran Biyafara, ya sauka shi ma. Su biyun ba su ne suka zauna cinikin ba, wakilai suka bari, aka yi kusan mako guda ana jan zare kan tsagaita wuta da hanyar da za a bi a kai wa masu yunwa abinci. Abin da aka iya cimmawa bai wuce jerin batutuwan da za a tattauna a Addis Ababa cikin watan Agusta ba.

Mutumin da ya sauka ran 19 ga watan nan yana da tuta, yana da taken ƙasa, yana da kuɗin takarda da kan sarki, yana da alƙalai masu saka hular gashi irin ta Ingila. Ƙasashen Afirka huɗu, Tanzaniya, Gabon, Ivory Coast da Zambiya, sun riga sun amince da shi. Amma wa ke rubuta dokar da mutanensa ke kwana da ita suna tashi da ita? Wa ya ce a kama ɗan wane a kai shi daga, a bar ɗan wane? Ba a saka wannan cikin jerin batutuwan Yamai ba, alhali shi ne abin da talakan Aba da Umuahia ke ji a jikinsa kullum.

Abin ya kewaye mu

Wannan ba tsohon labari ba ne kawai. Duk wanda ke bin labaran rediyo a fadar shayi a Yamai ya san cewa gwamnati biyu a ƙasa ɗaya ta zama abin yau da kullum a maƙwabta.

A arewa, Libiya ta wayi gari da majalisa biyu tun 2014, ɗaya a Tobruk, ɗaya a Tarabulus. A yamma, ƙungiyar MNLA ta shelanta ƙasar Azawad a arewacin Mali ran 6 ga Afrilun 2012, ta naɗa majalisar riƙon ƙwarya ta mutum kusan talatin ƙarƙashin Bilal Ag Acherif, sai dai kafin ƙarshen watan Yuni MUJAO ta kore ta daga Gao, ba ta ma samu sukunin yin wata doka da za a tuna ba. A gabas mai nisa, a Sudan, dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wato Hemedti, sun sanar da tasu gwamnatin a 2025, da mazauni a Nyala, Tarayyar Afirka da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce ba su san zancen ba.

Masu sharhi sukan tsaya kan tambayar ko duniya za ta amince da irin waɗannan gwamnatoci. Ɗan cirani da ya tashi daga Agadez ya yi leburanci a Sabha ko Benghazi, damuwarsa daban ce. Shi abin da yake son sani shi ne ko dinarin da aka biya shi zai karɓu a wancan gefen, don tun 2016 hukumomin gabashin Libiya suka riƙa buga nasu kuɗin a Rasha. A irin waɗannan ƙananan abubuwa ne gwamnatin aware ke nuna ainihin fuskarta.

Majalisar da ake kira ta saurara

Biyafara ba ta da majalisar dattawa a ma'anar da aka sani. Abin da take da shi taro biyu ne da ake haɗawa wuri ɗaya: Majalisar Tuntuɓa, da kwamitin sarakuna da dattawa masu ba da shawara. Kimanin mutum ɗari uku ne, kuma ba da ƙuri'ar jama'a suka zo ba, zaɓo su aka yi daga larduna da ƙungiyoyi. Su ne suka zauna a Enugu ran 26 da 27 ga Mayun 1967 suka ba Ojukwu izinin ɓallewa. A ranar 27 ɗin ce Gowon ya raba Najeriya jihohi 12. Ran 30 ga wata aka shelanta Biyafara.

Tun kafin wannan zama an riga an yi dokokin da suka yanke igiya. A ƙarshen watan Maris, bayan yarjejeniyar Aburi tsakaninsa da Gowon ta watse, Ojukwu, a matsayin gwamnan soja na Gabas, ya sa hannu kan dokar da ta ce duk harajin tarayya da aka tara a yankin, a yankin zai zauna. A watan Afrilu wata doka ta ƙwace hukumomin tarayya da ke Gabas, irin su jirgin ƙasa, tashar ruwa da gidan waya. An kuma kafa kotun ɗaukaka ƙara ta yankin, don kada shari'a ta sake zuwa Legas. Duk wannan da alƙalamin mutum ɗaya da mashawartansa aka yi.

Ba a manta da abin da ya kawo su nan ba. Juyin mulkin Janairun 1966 ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, na Yuli ya ci shugaban mulkin soja Ironsi, sannan kisan da aka yi wa Inyamurai a garuruwan Arewa cikin Satumba da Oktoba ya kora ɗaruruwan dubbai zuwa gida da tabo a jiki da zuciya. Majalisar da ta zauna cikin irin wannan zafi, da wuya wani ya miƙe ya ce a yi haƙuri.

Da yaƙi ya ci gaba, an ci gaba da kiran majalisar jefi-jefi. Sai dai yawanci jawabi take zuwa saurare, ta yi na'am, ta watse. N. U. Akpan, wanda ya riƙe shugabancin ma'aikatan gwamnatin Biyafara, ya nuna a littafin da ya rubuta bayan yaƙi cewa shawarar gaske a ɗan ƙaramin da'ira ake yanke ta. Ƙananan ƙabilun bakin teku, Ibibio da Efik da Ijaw da Ogoni, da yawansu ba su ga kansu cikin lissafin ba. Ken Saro-Wiwa ma ɓangaren tarayya ya koma, aka ba shi riƙon Bonny.

Adalci dai a faɗa: a teburin Yamai babu mai yi wa wani gori. Legas kanta da dokar soja take tafiya tun Janairun 1966. Majalisar mai masauki kuwa, wadda Boubou Hama ke shugabanta, ta jam'iyya ɗaya ce, PPN-RDA, tunda an haramta jam'iyyar adawa ta Sawaba tun 1959.

Takardar wucewa

Abin mamaki shi ne kotuna ba su tsaya ba. Biyafara ta ci gaba da aiki da dokokin Najeriyar da ta bari, Sir Louis Mbanefo ya zama alƙalin alƙalai, kuma duk inda gwamnati ta yi ƙaura kotu na biye da ita. Enugu ta faɗi a Oktoban 1967, aka koma Umuahia. Ita ma ta faɗi a Afrilun 1969, aka koma yankin Owerri. Ana ruwan bama-bamai, ana shari'ar gado da sata da rikicin aure.

Masanin tarihi Samuel Fury Childs Daly ya bi ragowar takardun waɗannan kotuna, ya fitar da littafi a 2020. Abin da ya cika fayil-fayil ɗin ba manyan maganganun ƴanci ba ne. Takardun jabu ne. Mutum ba ya wuce shingen soja sai da takardar wucewa, ba ya tsira daga masu kamen shiga soja sai da shaidar cewa aikinsa na da muhimmanci ko jikinsa ba lafiya, ba ya karɓar abincin agaji sai da kati. Duk dokar da ta ƙirƙiro takarda, sai ta ƙirƙiro mai sassaƙa hatimin bogi a bayan kasuwa. Alƙalai da kansu sun riƙa kokawa da tambayar yadda za a hukunta wanda ya yi ƙarya don kada yunwa ta kashe shi.

Kuɗi ne suka fi yi musu illa. A Janairun 1968 Legas, lokacin Obafemi Awolowo na riƙe da ma'aikatar kuɗi, ta canza takardun fam cikin ƴan makonni. Tarin tsofaffin kuɗin da Biyafara ke sayen makamai da su a waje suka zama tarkace. Kafin wata ya ƙare sai ga Bankin Biyafara ya fito da nasa, takardar sule biyar da ta fam ɗaya. A cikin gida suna aiki. Da an tsallaka bakin daga, babu mai karɓa. Matan da ke ratsa fagen yaƙi su sayo gishiri da kifi a ɓangaren tarayya sai sun nemi tsabar kuɗin Najeriya, ko su yi musaya kaya da kaya.

Sanatoci ashirin da shida

Wanda ke son ganin cikakkiyar majalisar dattawa ta ƴan aware tana aiki, da akawu da kwamitoci da littafin zama, sai ya koma Amurka ta shekarun 1861 zuwa 1865. Jihohin Kudu 11 sun ɓalle bayan zaɓen Abraham Lincoln, don kare bautar da tattalin arzikinsu ya dogara a kai. Cikin mutum kusan miliyan tara da ke yankin, wajen miliyan uku da rabi bayi ne.

Wakilansu sun fara zama a Montgomery ran 4 ga Fabrairun 1861. Cikin abubuwan farko da suka yi har da dokar da ta ce dokokin Amurka su ci gaba da aiki, in dai ba su saɓa wa sabon tsarin mulki ba. Biyafara ma haka ta yi bayan ƙarni guda. Mai aware yakan fita da kundin dokokin gidan da ya bari a hammata, don ba shi da lokacin rubuta wani.

Majalisar dattawan ta fara zama ran 18 ga Fabrairun 1862 a Richmond, cikin ginin majalisar jihar Virginia, aro ma aka ba ta. Kujeru 26 ne, biyu-biyu daga jihohi 13, don sun ƙirga Kentucky da Missouri duk da cewa waɗannan biyun ba su fita daga hannun Arewa ba. Mataimakin shugaban ƙasa Alexander Stephens ne ya kamata ya riƙa jagorantar zama, amma ba ya shiri da shugaba Jefferson Davis, ya fi zama a gidansa na Georgia. Robert Hunter na Virginia ne ke riƙe kujerar yawancin lokaci.

Littafin zamansu yana nan, gwamnatin Amurka ta buga shi cikin mujalladi bakwai a 1904 da 1905. Wanda ya buɗe shi yana neman jarumtaka zai yi hamma. Tantance sunayen hafsoshin da za a ƙara wa girma, albashin ma'aikata, hanyoyin kai wasiƙu, koken wanda sojoji suka tafi da dokinsa, sai kuma a rufe ƙofa a shiga zaman sirri. Sun ɓata lokaci mai yawa kan tuta, har sau biyu suka sauya ta. Ta ƙarshen an amince da ita ran 4 ga Maris 1865, wata guda kafin Richmond ta faɗi.

Ɗa, hatsi da kuɗi

Cikin wannan tarin ƙananan ayyuka ne manyan dokokin suka fito, kuma dukkansu hannu suke sawa cikin gidan talaka.

Ran 16 ga Afrilun 1862 aka yi dokar tilasta shiga soja, irinta ta farko a tarihin Amurka. Duk farar fata namiji daga shekara 18 zuwa 35. Kafin shekara ta ƙare aka ɗaga zuwa 45, a Fabrairun 1864 kuma aka mai da shi 17 zuwa 50. Mutanen da suka ɓalle da sunan ƴancin jihohi, su ne suka kafa gwamnatin tsakiya mai shiga gona ta ɗauke ɗa. Gwamna Joseph Brown na Georgia da Zebulon Vance na North Carolina sun yi ta faɗa da Richmond a kan haka har yaƙi ya ƙare.

Dokar ta bar ƙofofi. Mai hali yana iya biyan wani ya tafi a madadinsa, sai a ƙarshen 1863 aka toshe wannan. A Oktoban 1862 kuma aka ƙara wata: duk gandun da ke da bayi 20, an yafe wa farar fata ɗaya zuwa yaƙi, don ya zauna ya tsare su. Hujjar sanatoci ita ce tsoron tawayen bayi da buƙatar noma. Ƙaramin manomin da ba shi da bawa ko ɗaya ya fahimci abin ta wata fuska, har magana ta bazu a sansanoni cewa yaƙin na masu kuɗi ne, mutuwar ta talakawa. Gudu daga soja ya ƙaru.

Sai hatsi. A Maris 1863 aka ba jami'an soja ikon ƙwace abinci, dabbobi da amalanke su biya farashin da gwamnati ta yanka, wanda kullum yana ƙasa da na kasuwa. A Afrilu aka ɗora harajin amfanin gona: bayan manomi ya ware ɗan abin da iyali za su ci, dami ɗaya cikin goma na gwamnati ne. Manomin Maradi ko Dosso ya san wannan lissafin a zakkar hatsi, sai dai wannan ba miskini ake kai wa ba, kuma sau da yawa abin da aka tara yakan ruɓe a tashar jirgi don babu taragon da zai kwasa.

Abin da majalisar ta ƙi taɓawa da gaske shi ne dukiyar manya, wato ƙasa da bayi. Maimakon haraji mai nauyi sai ta zaɓi injin buga kuɗi. Ran 2 ga Afrilun 1863 matan Richmond suka fito da yunwa suka fasa shaguna, har sai da Davis ya zo da kansa ya yi musu magana, ana barazanar buɗe wuta. A Fabrairun 1864 majalisa ta yi dokar rage takardun kuɗi da ke yawo, amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Zuwa farkon 1865 gangar fulawa ɗaya ta kai wajen dala dubu a Richmond.

Kwalbar tawada

Akwai abin da suka kasa yi gaba ɗaya. Tsarin mulkinsu ya tanadi kotun ƙoli, amma har gwamnatin ta rushe ba a kafa ta ba. Rigimar ita ce ko wannan kotu za ta iya soke hukuncin kotunan jihohi. Waɗanda suka bar Washington don gudun irin wannan iko ba su ga dalilin sake gina shi a Richmond ba.

A kan wannan muhawara ne, cikin Fabrairun 1863, Sanata Benjamin Hill na Georgia ya ɗauki kwalbar tawada ya jefi Sanata William Yancey na Alabama, ta yanke shi a fuska. Majalisa ta rufe ƙofa, ta sa a binne maganar. Yancey, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowa rura wutar ɓallewa, ya mutu da ciwon ƙoda bayan ƴan watanni.

Babu jam'iyyu a wannan majalisa, kuma da farko suna alfahari da hakan. Abin da ya biyo baya shi ne adawa ta koma gaba tsakanin mutum da mutum: masu son Davis da masu ƙinsa, irin su Louis Wigfall na Texas. Davis ya hau kujerar na ƙi a kan ƙudurori fiye da talatin, sau ɗaya tak aka fi ƙarfinsa, a kan ƙudirin aika wa sojoji jaridu ba tare da kuɗin kan sarki ba.

Wani abin lura kuma: yayin da sojojin Arewa ke cin ƙasa, wakilai da yawa sun zama masu kujera babu mazaɓa. Na Kentucky da Missouri a majalisar wakilai, sojoji da ƴan gudun hijira ne ke zaɓensu. Masana da suka bi ƙuri'un majalisar ɗaya bayan ɗaya sun gano cewa waɗannan su ne suka fi goyon bayan tsauraran dokoki. Ba abin mamaki ba ne. Jami'in da ke karɓar dami ɗaya cikin goma ba zai taɓa isa gonakinsu ba.

Ƙudirin ƙarshe mai nauyi shi ne ya fi tona asiri. Da sojoji suka ƙare, aka kawo shawarar a ba bayi bindiga. Hunter ya yi adawa, yana cewa in bawa zai iya zama soja to me ya sa aka ɓalle tun farko. Sai da majalisar Virginia ta umarci sanatocinta su sauya ƙuri'a, sannan ƙudirin ya wuce da 9 da 8. An sa masa hannu ran 13 ga Maris 1865, kuma ko a lokacin dokar ba ta yi wa bawan da ya yi yaƙi alkawarin ƴanci ba. Bayan kwana biyar majalisa ta tashi, ba ta sake zama ba.

A rufe ta, ko a bar ta?

Masana ba su haɗu kan darasin ba. Frank Owsley, tun 1925, ya ce son kai na jihohi da gardamar ƴan siyasa ne suka kashe Kudu. Wilfred Yearns, wanda ya rubuta tarihin majalisar a 1960, ya nuna cewa duk da hayaniyarta, kusan duk abin da Davis ya nema don yaƙi ta ba shi, har da dakatar da ƴancin wanda aka tsare na a kai shi gaban alƙali. Wato ba taurin kanta ne ya kayar da su ba.

Masu ra'ayin soja, a ko'ina suke, sukan ce lokacin yaƙi ba lokacin surutu ba ne. Biyafara ta gwada wannan hanya. Ta samu sauri: cikin watanni ta kafa hukumomin abinci da mai da sufuri, injiniyoyinta suka tace mai suka ƙera makamai, aka mai da titin mota na Uli filin jirgin sama. Amma ba ta da wurin da mutum zai ce a tsaya ba tare da an kira shi maci amana ba. An harbe Victor Banjo da Emmanuel Ifeajuna da wasu biyu a Satumban 1967, kowa ya kama bakinsa. Nnamdi Azikiwe, da ya ga sulhu ne mafita, sai da ya bar ɓangaren gaba ɗaya a 1969. Sanarwar Ahiara ta ran 1 ga Yunin 1969, wadda kwamitin su Chinua Achebe ya tsara don fayyace irin ƙasar da ake son ginawa, ta zo ne lokacin da ƙasar ta rage ɗan tsibiri cike da yara masu kumburin yunwa.

A ganina nan ne amfanin majalisa yake, ko gurguwa ce. Ba ta hana Richmond yin zalunci ba, bayi miliyan uku da rabi ba su da ko murya ɗaya a cikinta. Abin da ta yi shi ne ta bar suna da ƙuri'a a rubuce, har yau ana iya sanin wanda ya ce a yafe wa mai bayi ashirin.

Afirka na da misali guda da ya bi wata hanya. Somaliland ta ɓalle daga Somaliya ran 18 ga Mayun 1991. A taron Borama na 1993 dattawan ƙabilu suka zaɓi Mohamed Ibrahim Egal shugaban ƙasa, kuma taron dattawan da ake kira Guurti ya zama majalisar sama, mai kujeru 82 a yau. Sun yi aikin da ba a rubuta shi a ƙudiri: shiga tsakanin dangi da dangi, karɓar makamai, sasanta diyya, har cikin faɗan da ya ɓarke a tsakiyar shekarun 1990. Masu suka kuma na da tasu hujjar. Ba a taɓa zaɓen Guurti ba, kujera takan koma hannun ɗan uwan mamaci, kuma ita ce ke tsawaita wa'adin shugabanni duk lokacin da aka ɗage zaɓe.

A gida

Nijar ba ta taɓa samun gwamnatin aware mai majalisa ba. Tawayen Abzinawa na shekarun 1990 ya nemi cin gashin kai ga arewa, ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ranar da ake hutun haɗin kai duk shekara, kuma alkawarin raba iko zuwa ƙananan hukumomi ya kai ga zaɓen 2004. Majalisar dattawa ma a takarda kawai muka gan ta, cikin tsarin mulkin tazarce na Tandja Mamadou a 2009, juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 ya tafi da ita kafin a kafa.

Amma tambayar wa ke yin doka lokacin yaƙi ba baƙuwa ba ce a Yamai. Tun 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, hukumar CNSP ta Janar Abdourahamane Tiani ce ke fitar da dokoki. Da irin wannan doka aka kafa asusun ceton ƙasa a Oktoban 2023, wanda ke cirar ɗan abu daga kuɗin waya da tikitin mota. A 2025 aka rantsar da majalisar tuntuɓa mai mambobi kusan ɗari biyu, wadda aikinta shawara ne. Magoya baya na cewa ƙasa na cikin yaƙi, kuma tsohuwar majalisa ba ta tsinana abin da za a yi kewarta ba. Masu adawa na cewa kuɗin da aka karɓa daga hannun kowa, ya kamata a samu wanda zai tambayi inda suka shiga ba tare da fargaba ba.

Can kuma a wasu ƙauyukan Tillaberi da arewacin Tahoua akwai masu yin doka da ba su da ko tuta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Suna zuwa a kan babura, su ƙirga shanu, su yanka abin da suka kira zakka.

Bayan an ajiye bindiga

Gwamnatin aware kan mutu rana ɗaya, takardunta kuwa suna nan a hannun mutane. Amurka ta warware nata da wuƙa biyu. Gyaran tsarin mulki na 14, a 1868, ya ce bashin da aka ci don tawaye ba za a biya ba, wanda ya ba gwamnatin Richmond rance ya yi asara. Kotun ƙoli kuma, a shari'ar Texas da White ta 1869, ta ce abin da jihohin suka yi don zaman yau da kullum, irin su aure da gado da cinikin fili, yana nan daram, abin da aka yi don taimakon tawaye ne kawai ya rushe.

A Najeriya, Ojukwu ya tashi zuwa Ivory Coast, Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas ran 15 ga Janairun 1970, Mbanefo na cikin tawagar. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Amma wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, komai yawansu, fam 20 aka ba shi. Gidajen Inyamurai da yawa a Fatakwal aka kira su dukiyar da aka yasar, rigimar ta ɗauki shekaru, wasu har suka mutu ba su karɓi nasu ba.

Sudan na kan wannan hanya yanzu. A Disamban 2024 babban bankin da ke ɓangaren soja ya fara canza takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da yake iko da su, RSF ta haramta sababbin a nata yankin. A ƙarshen watan aka yi jarrabawar kammala sakandare, karo na farko tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, kuma akasarin ɗaliban Darfur ba su samu zama ba. Gwamnatin Nyala ta yi alkawarin nata kuɗin da nata takardun shaida. Ɗalibin da zai karɓi irin wannan takarda, sai ranar da ya kai ta jami'a a Alƙahira ko Kano zai san darajarta.